Maganar da Ba a Rubutawa a Wasiƙa

Kumbungu, 24 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Balchisu, yayar maigidana, babban mijina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tukwanenki da 'yan makarantar nan naki da ba sa ƙoshi. Mu nan lafiya lau. Mma tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan da take kuka da ita in an yi ruwa. Masara ta yi kyau, an fara cirar gyaɗa. Ƙaninki ya aiko saƙo daga Sefwi, ya ce aikin gonar koko ya kankama, ba zai samu zuwa gida ba sai ƙarshen shekara.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro ba zan iya faɗa wa kowa a gidan nan ba. Rabona da ganin jinina tun tsakiyar Yuli, kafin ƙaninki ya tafi. Kar ki yi guɗa, don Allah koma ki zauna. Kin san sau biyu yana yi mini haka a shekara shidan da na yi a gidanku. Sai ya ɓace wata biyu, in fara satar kallon rigunan jarirai a kasuwa, sannan ya zo kamar da gayya. Wannan karon na ce ba zan sake zama abin tausayi ba. Na shiga Tamale na sayo tsinken gwaji guda uku a wani kemis na bakin tasha, inda ba wanda ya san ni. Na gwada na farko, layi ɗaya. Na bar sati biyu na gwada na biyu, layi ɗaya dai. Takardar da ke ciki ta ce layi ɗaya babu ke nan. To, babu.

Amma jikin ba daɗi. Marata ta yi nauyi, ga kasala, miyar daddawar da kika san ina lashe kwano a kanta yanzu ko warinta ba na so. Wata mai magani a kasuwa ta taɓa marata ta ce jini ne ya daskare, in ba a wanke shi ba shi ke zama ƙari ya toshe haihuwa gaba ɗaya. Ta ce za ta kawo mini saiwoyi, a dafa a sha kwana uku, komai ya sauko.

Ranar Juma'a aka yi wa amaryar gidan Afa Neindoo faɗin ciki. Wata bakwai kacal da aure! Ƙanwar mijin ta zo daga Savelugu da sassafe, ta ɗaura mata laya, ta dafa kafaɗarta ta faɗa mata, sannan bakin matan gidan ya buɗe, su da suka daɗe suna gani suna haɗiyewa. Na je na taya su murna, na dawo na shiga ɗaki na yi kukana. Na tuna ranar bikina da kika ce, “Matarmu, ki yi sauri, ni ce mai faɗa miki, ba wanda ya isa ya riga ni.” Shekara shida kina jira, ki yi haƙuri da ni.

Wani abin kuma, Mma ta canza mini. Ta hana ni zuwa dam ɗebo ruwa. Ta karɓe kwaɓin man kaɗe daga hannuna, wai hannuna ba ya fitar da mai. Ni, da man da na kwaɓa ne ake layi a kansa! Abin ya ƙona mini rai.

Ga wani ɗan ƙulli ta ba ni in haɗa miki, ta ce kar in buɗe, ban buɗe ba. Direba Wumbei zai kawo miki in ya sauke doya a Takoradi.

Matarki,
Damata

Axim, 7 ga Oktoba

Ziblim ƙanina,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya, kuma cinnakun gonar koko sun bar maka sauran fata. Ni lafiya, sai hayaƙi. 'Yan mata ɗari huɗu, tukunya shida, kowace rana sai ka rantse tun da aka haife su ba su ci abinci ba.

Zauna ka karanta wannan sau biyu, don na san kanka. Mma ta aiko mini da ƙulli ta hannun matarka. Da na kwance, sai ga jar layar nan da Gwaggo Katumi, yayar mijina, ta ɗaura mini lokacin cikina na fari. Sai da na nemi kujera. Tsohuwar nan ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma wallahi ban taɓa karɓar wasiƙar da ta fito fili kamar wannan ba.

Kai namiji ne, bari in tuna maka ƙa'ida. Cikin fari ba mai furta shi gaban mai shi, ko uwar miji, ko miji, sai 'yar'uwar miji ta zo ta faɗa mata baki da baki. Ba a aikawa, ba a rubutawa. Tsofaffi sun ce in wani ya riga, abin ba ya zama, kuma Mma ta yarda da wannan kamar yadda ta yarda da fitowar rana. Saboda haka kai ma ban faɗa maka komai ba, laya kawai na ce na gani.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Damata ta gwada tsinken kemis har biyu sun ce babu. Tsinke ya ce babu, tsohuwa ta ce akwai. Ni dai na san matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu ba ta aika laya don wasa. Abin tsoron kuma, wata mai kasuwa ta ce za ta ba ta maganin sauko da jini. In ta sha wannan, in ma akwai, ya tafi.

Na roƙi izini an hana, abokiyar aikina ta karye a ƙafa, ni kaɗai ce a murhu sai an rufe makaranta ranar 19 ga Disamba. Kar ka kuskura ka rubuta mata komai a kan wannan. Ka yi addu'a, ka rufe bakinka.

Yayarka,
Balchisu

Axim, 7 ga Oktoba

Matarmu ta kaina,

Na samu wasiƙarki da saƙon Mma. Ina gaishe ku duka, a shafa mini gwiwar tsohuwa.

Ki saurare ni da kyau. Kada ki sha komai da wani ya dafa a kan wannan matsala, ko ganye ko saiwa ko ƙwaya. Kada ki ɗauki kaya mai nauyi. Abin da Mma ta ce ki bari, ki bari, ba ƙiyayya ba ce. Akwai wata magana ta gidanmu da ba a rubutawa a wasiƙa, sai na zo mun zauna ni da ke. Ki jira ni zuwa Disamba.

Ina sauri, shinkafa na kan wuta.

Mijinki,
Balchisu

Kumbungu, 2 ga Nuwamba

Yaya Balchisu,

Barka da shan ruwa, ina fatan azumi yana zo miki da sauƙi. Mu nan kowa lafiya.

Na karanta 'yar wasiƙarki har ta kusa yagewa a wajen ninki. Ke da kike cika takarda gaba da baya da tsokana, layi shida kika rubuto mini. Na gane, Yaya, ni ba yarinya ba ce. Maganar da ba a rubutawa iri biyu ce a gidan nan, kuma duka biyun ke ake kira. Ta farko na so in yarda ita ce, har na kwana biyu ina murmushi ni kaɗai kamar mahaukaciya. Sai na ɗauko tsinke na uku na gwada, na tsaya a kansa har rana ta ɗaga. Layi ɗaya. Saura ta biyun ke nan. Ban manta ba, ke aka kira daga Axim lokacin da babban wanku ya rabu da Sikena, ke kika zaunar da ita, ke kika raka ta gidansu da kwallayenta. Ita ma shekara shida ta yi ba haihuwa.

Shi ya sa aka sauke ni daga ruwa da man kaɗe, don gida ya saba da rashina. Shi ya sa ƙaninki ya rubuto mini shafi guda a kan farashin takalmin roba da ruwan saman Sefwi, bai tambayi jikina ba ko da kalma ɗaya. Ba na ganin laifin kowa. Mma tana son jika daga autanta kafin ta bar duniya, wa zai ce ba ta da gaskiya?

Amma ni ba zan zauna jini ya zama mini ƙari ba. Marar sai ƙara tasowa take, har zanina ya daina kaiwa inda ya saba. Na karɓo saiwoyin na dafa a bayan ɗaki, na ajiye su huce kafin a sha ruwa. Mma, wadda rabonta da bayan ɗakina ya fi shekara, sai ga ta wai tana neman zabuwarta. Ta sa ƙafa ta yi fatali da tukunyar, ta ce, “Af! Wannan gwiwa za ta kashe ni.” Ko sannu ba ta ce mini ba, ta wuce tana kiran zabuwa.

Abin da na kasa fahimta, kullum in an sha ruwa sai in tarar da hanta ko tsokar zabo a ƙasan tuwona, kuma na san daga kwanonta ta fito. Wanda zai kore ka, me ya kai shi ciyar da kai? Ko sallama ce take yi mini a hankali?

In abin da nake zato ne, ki rubuto kawai. Na fi son in ji a takarda da in ji a gaban mutane.

Damata

Kumbungu, 29 ga Nuwamba

Yaya,

Barka da Salla. Sati huɗu ba amsa, na ɗauki shirun a matsayin amsa. Ni lafiya, amma Mma tana kwance, kuma ni ce sanadi.

Bana na yi azumi cif, ban sha ko ɗaya ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na zama mace. Mata suna ta lissafin ramuwa, ni ina jin kunyar in ce ba ni da ko ɗaya. Washegarin Salla na sake karɓo saiwoyin, na dafa a gidan ƙawata don kar zabuwa ta sake ɓata. Na kawo a kwanon sha, na shiga ɗakina na yi bisimilla. Kwanon yana bakina Mma ta ɗaga labule. Ta dube ni, ta dubi kwanon. Na ga bakinta yana motsi kamar mai son faɗin wani abu, har jijiyar wuyanta ta tashi, amma ba ta faɗa ba. Sai cewa ta yi, “Kawo nan, kwana uku ke nan cikina a ɗaure.” Ta fizge ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta ga ƙasan kwano. Abin nan ɗaci gare shi kamar maɗaci, ko fuska ba ta yamutsa ba.

Yaya, ban taɓa ganin gudawa da amai irin wannan ba. Kwana biyu muna abu ɗaya, sai da aka kai ta asibiti a bayan babur aka ƙara mata ruwa leda uku. Likita ya yi ta faɗa, wai wa ya ba tsohuwa wannan guba? Ta ce ita ta ba kanta, ba ta ambaci sunana ba.

Na rasa yadda zan ɗauki matar nan. Ta gwammace ta kwanta asibiti da in warke? Amma in ina goge mata jiki sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ko fitsari zan fita sai ta ce ina za ki.

Na yanke shawara. Ba zan jira a zo a raka ni ba, na ɗaure kayana. Ranar da Mma ta iya miƙewa da ƙafarta zan tafi gidanmu Tolon, in sha maganina a can, inda ba mai fizge mini kwano. Akwai sauran ƙullin saiwoyi ɗaya a ƙasan akwatina. Amma ba zan bar ta a kwance ba, ita ta riƙe ni kamar 'yar cikinta shekara shida.

Damata

Axim, 4 ga Disamba

Ziblim,

Ba ni da lokacin gaisuwa mai tsawo, ina fatan kana lafiya. Motar Wumbei ta mutu a Techiman ta yi sati uku a gareji da wasiƙar matarka a aljihun gaba. Da aka gyara ya koma Kumbungu ya karɓi ta biyu, yau ya kawo mini su tare, yana washe haƙora wai in yi haƙuri. Da ludayi na raka shi har bakin ƙofa.

Uwarka ta shanye maganin da Damata ta dafa, don ta hana ta sha ba tare da ta furta abin da ba huruminta ba ne. Har asibiti aka kai ta. Na yi kuka, na yi dariya, na zagi gargajiya, na dawo na sa wa tsohuwar nan albarka. Yarinyar kuma ta ɗauka sakinta za a yi, kuma laifina ne da rubutun gaggawa.

Na ce wa shugabar makaranta ko ta ba ni izini ko ta nemi mai tukwanenta. Gobe da asuba ina mota.

Balchisu

Kumbungu, 9 ga Disamba

Maigida,

Gaisuwa irin ta mace ga mijinta, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mma ta warke. Yaya Balchisu tana nan, ta cika gidan da faɗa da dariya. Ni kuma lafiyata ƙalau, har ta fi yadda na sani.

Ranar Asabar Yaya ta iso, ƙafarta a kumbure don zaman mota. Ta tarar da kayana a ɗaure, ta ce, “Iye! Matarmu ta zama 'yar kasuwa? Ina za a kai kaya?” Na ce ta faɗi abin da ya kawo ta a gama. Ta ce, “Ba ki isa ki ba ni umarni ba, ni na biya sadaki. Ɗauko mayafinki, asibiti za mu.”

Daga ɗaki na ji Mma ta ɗaga murya, ita da take magana da ƙyar, tana cewa ba inda za a je, ungozomar asibiti bakinta ba linzami. Yaya ta ce, “Mma, ke kin yi naki, bar ni in yi nawa. Ba zan ɗaura wa yarinya abu a kan zato ba, sau biyu zuciyarta tana karyewa.” Ni ina tsaye kamar an dasa ni, na fara ganewa amma na hana kaina.

A asibiti Yaya ta ja ungozomar gefe suka yi ƙus-ƙus. Matar 'yar Yendi ce, ta san al'adarmu, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Ta kwantar da ni, ta latsa nan ta latsa can, ta ɗauko wani abu kamar mazurari ta kifa a cikina ta sa kunne. Ta daɗe tana saurare, fuskarta ba ta nuna komai ba. Sai ta ɗago ta yafito Yaya da yatsa, ta ba ta wurin, ba ta ce uffan ba. Yaya ta sunkuya ta sa kunnenta. Ina kallon ƙeyarta, sai na ji ɗumin hawaye a fatar cikina.

Ta miƙe ta kwance bakin zaninta, ta fito da jar laya, ƙullin nan da ni da hannuna na kai wa Wumbei ban san mene ne ba. Ta ɗaura mini, ta dafa kafaɗata ta ce, “Damata, matar ƙanina, kina da ciki.”

Maigida, wata biyar! Motsin da nake cewa iska ce, ashe mutum ne yake gaishe ni. Ungozoma ta ce zuciyarsa tana bugawa lafiya lau.

Na ce to tsinke uku fa? Na fito mata da ledar ɗaya da ke jakata. Ta juya bayanta ta nuna mini wasu ƙananan lambobi a gefe. Ashe shi ma tsinken yana da ranar mutuwa, nawa sun mutu shekara biyu kafin in saya, ga shi a cikin akwatin gilashi na same su rana tana dukansu. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce in jini ya ɗauke wata biyu, ko tsinke goma sun ce babu, asibiti ake zuwa, ba kasuwa ba. Ta yi wa Yaya ma nata faɗan, ta ce ku Dagomba wata rana shirunku zai yi kisa. Yaya ta ce, “Ke ba Dagomba ba ce? Ai ke ma yanzu kika yi shirun.” Ƙullin saiwoyin da ke akwatina kuwa Yaya da kanta ta jefa shi a murhu.

Da muka dawo na shiga ɗakin Mma na durƙusa. Ta dubi layar ta ce, “An faɗa?” Yaya ta ce an faɗa. Wallahi maigida, matar da kwana goma sai na ɗaga ta na zaunar, zumbur ta miƙe tsaye! Ashe tun kwana na huɗu ta warke, ta ci gaba da nishi don ta san ba zan tafi in bar ta a kwance ba. Ta kama kunnuwana biyu tana cewa, “Kina da ciki! Kina da ciki, ja'ira, kina da ciki!” Ta faɗa ya fi sau goma. Ta ce tun ranar da na ture miyar daddawa maganar take ƙona mata harshe.

Na rasa da wane ido zan dube ta. Wata uku ina zarginta a raina, ita kuwa tana gadina kamar kaza da ƙwai, tana cire naman bakinta tana ɓoye mini a tuwo. Ban taɓa ganin mutum mai riƙe abu biyu masu nauyi lokaci ɗaya irinta ba, ba ta saki ƙa'idar iyayenta ba, ba ta kuma saki jikanta ba. Na ce, “Mma, me ya sa ba ki zubar ba kamar na farko? Da kin mutu fa?”

Ta ce, “Na zubar sau ɗaya kin sake dafawa. Na ga dole sai wani ya sha ki ga aikinsa da idonki.” Ta shafa cikinta ta ce, “Nawa ba kowa a ciki.”

Na kwance kayana. In za ka taho, ka sayo mata man zafi mai kyau don gwiwar, da gaske ciwon ya ƙaru tun ranar da ta shuri tukunyata.

Matarka,
Damata